Hannun Roba Mai Jin Taɓi: Da Gaske Ne?

Tambaya: Malam, an yanke wa ƙanena hannun dama daga gwiwa bayan haɗarin mota. Yau shekara biyu, amma har yanzu yana cewa yatsunsa na yi masa ƙaiƙayi. Kuma na ji wai akwai hannun roba da ke bin tunanin mutum, har ya ji abin da ya riƙe. Haka ne?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa. Ki yarda da shi, yana jin ƙaiƙayin nan da gaske. Hannu ya tafi, amma jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin yatsu da ƙwaƙwalwa suna nan da ransu a cikin dungun, kuma su ne masu bincike ke aiki da su.

A 2002, a birnin Shikago na Amurka, likitoci Todd Kuiken da Gregory Dumanian suka yi wa Jesse Sullivan tiyata, wani ma'aikacin wutar lantarki da ya rasa hannuwansa biyu. Suka ɗauko jijiyoyin da a da ke zuwa hannu, suka dasa su a tsokar ƙirjinsa. Da ya yi niyyar dunƙule hannu sai tsokar ta motsa, na'ura ta kama saƙon, hannun roba ya dunƙule. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, in aka shafa masa fatar ƙirjin sai ya ji kamar hannunsa aka shafa.

A 2013 kuma, a birnin Rum na Italiya, aka sa wa Dennis Sørensen, ɗan ƙasar Denmark, siraran wayoyi a cikin jijiyoyi biyu na damtsensa, aka haɗa su da yatsun roba. An ɗaure masa ido, an toshe masa kunne, duk da haka ya riƙa bambanta abu mai tauri da mai laushi. Bayan wata guda aka cire wayoyin, domin gwaji ne. A Suwidin akwai waɗanda aka kafa wa ƙarfen taitaniyam a ƙashi, suna amfani da irin wannan hannu a gida tsawon shekaru.

Sai dai kada ki sa masa dogon buri. Masu irin wannan hannu kaɗan ne a duniya, kuma jin da ake samu sau da yawa kamar tsikari ne, bai kai na hannun haihuwa ba. Idan ƙaiƙayin ya rikiɗe ya zama zogi, ku ga likita, domin bakin jijiyar da aka yanke yakan yi ƙulli mai ciwo, kuma tiyata irin ta Sullivan tana rage shi.