Tsofaffin litattafai a sito: a bayar ko a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gumel. Mun canza litattafai bana, tsofaffin suna jibge a sito, kwali goma sha ɗaya, har gara ta fara taɓa su. Mai makarantar ya ce a sayar wa masu ƙosai. Ga firamaren gwamnati a bayanmu, yara biyar kan littafi ɗaya. In mun ba su, ba za su ɗauka raini ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Raini shi ne ki kwashi kwalayen yadda suke ki zube musu a bakin ofis. An taɓa yi mini haka ina hedimasta. Da muka buɗe, sai ga littafin ilimin zamantakewa da taswirar Najeriya mai jihohi 21. Jiharku ma ba a haife ta ba, tunda sai 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Muka yi godiya dai, muka kai sito, gara ta ƙarasa.

Saboda haka ki fara zama ki tsince. Lissafi ba ya tsufa, bakwai sau takwas yana nan yadda kika bar shi. Haka litattafan koyon karatu na Hausa da Turanci, su ne ma yara suka fi ƙishirwa. Na kimiyya kuwa a duba: wanda ya ce duniyoyin da ke zagaya rana tara ne, to tun 2006 aka rage Fuluto. Wanda yaro ya cike gurabensa da biro, wannan ki bar wa mai ƙosai, ita ma sana'a take.

Kafin ki ɗauki ko kwali ɗaya, ki taka ki gaida hedimastan, ki tambaye shi wane aji ne ya fi ƙamfa, malamansa su gwada da manhajar da suke bi. In kin ga tambarin gwamnati a jikin wani littafi, ki bi ta ofishin Sakataren Ilimi, kada alheri ya zame miki tuhuma.

Sauran kuma aikin Asabar ɗaya ne. A kakkaɓe, a shanya a rana, a liƙe da gam, a yi bango da takardar buhun siminti. Ki roƙe su kada su kulle a kabad don tsoron ɓacewa. A buɗe rajistar aro, yaro ya sa hannu, ya tafi da shi gida.