Tambayi likita: lemun tsami a tukunya, a gato da a kofi

Tun da zafi ya kankama a Maraɗi, yawancin tambayoyin da ke iso mini a kan lemun tsami suke. Na ɗauko waɗanda suka fi maimaituwa, na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Wata mai sana'ar zoɓo daga unguwar Mokoyo: Likita, ina yin zoɓo da lemun hari na sayarwa. Nakan matse lemu a tsakar gida da hantsi. Kwanan baya bayan hannuwana suka yi ja, suka tashi bororo kamar wuta ta taɓa ni, yanzu sun bar baƙin tabo. Maƙwabta na cewa jifa aka yi mini saboda ina ciniki. Kuma zoɓon da nake kwanarwa a tukunya yana yin wani ɗanɗano na ƙarfe.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya jefe ki. A cikin ɓawon lemun tsami da ruwansa akwai wani sinadari wanda idan ya zauna a fata, rana ta buge shi, sai ya ƙona wurin. Ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa mutum ba ya danganta abin da lemun da ya matse shekaranjiya. Ki duba tabon da kyau, za ki ga ya bi hanyar da ruwan lemun ya gangara, wani lokaci har da shatin yatsu. Baƙin yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya washe, amma yana washewa. Kada ki shafa masa man bilicin, kuma don Allah kada ki goga masa lemun tsami da sunan gyaran fata, ƙara masa wuta za ki yi. Ki koma matsar lemu a inuwa, ko da asuba, ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu da zarar kin gama. Idan bororon ya fashe yana ruwa ko mugunya, ki je likita a wanke a ɗaure.

Maganar tukunya ta fi tabon damuna. Zoɓo da kansa mai tsami ne, kin ƙara masa lemu, kin kwanar da shi a tukunyar da maƙera ke zubawa daga tsofaffin ƙarafan mota da gwangwanaye. Tsami yana cin irin wannan tukunya. A wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru, an dafa ruwan tsami a cikinsu, aka tarar da dalma ta zubo cikin ruwan. Dalma kuwa guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma yara ne manyan masu sayen zoɓonki. Ki tafasa, ki juye nan da nan cikin bokitin roba mai tsabta na abinci ko kwanon silba, sai ya huce ki matsa lemun.

Wata amarya daga unguwar Zariya: Ina koyon gato, wato kek. Na ga ana zuba lemun tsami a madara kafin a kwaɓa da fulawa da bikarbonat. Da na zuba sai madarar ta tsinke ta yi gudaji. Uwar mijina ta ce in zubar, wai madara da lemu guba ne. Mijina kuma yana da tansiyo, wato hawan jini.

Ƙanwata, ki gaida Mama, ki ce mata likita ya ce ba guba ba ce. Tsami yana sa furotin ɗin madara ya dunƙule, shi ke nan. Haka ake yin awara, ruwan tsami ake zuba wa madarar waken suya ta kama. Kuma duk madarar da muka sha, cikinmu yana tsinka ta da tsamin da ya fi na lemu ƙarfi.

A gato, tsinkewar ita ake nema. Bikarbonat ba ya tayar da ƙulli shi kaɗai, sai ya haɗu da abu mai tsami, su saki iskar da ke sa gato ya kumbura ya yi laushi. Ga kofi ɗaya na madara ki sa babban cokali ɗaya na ruwan lemu, ki bar shi minti 5 zuwa 10, sannan rabin ƙaramin cokali na bikarbonat ya wadatar. Da kin kwaɓa ki sa a wuta, domin iskar tana fara fita tun a kwano. Idan kika cika bikarbonat, gaton zai yi duhu ya yi ɗanɗanon sabulu. In kina son ƙamshin lemu, ki goge koren ɓawon kaɗai bayan kin wanke shi, farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne da shi.

Shi kuma maigida, rabin cokalin da aka raba a gato guda ba zai dame shi ba. Abin dubawa shi ne miyar yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokali sosai ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A nan lemun tsami yake da rana: ki rage gishiri da dunƙule, ki matsa lemu a kan kifi, kwaɗon zogale ko dafa-duka bayan an sauke, harshe ba zai ji an rage komai ba. Amma lemu ba ya sauke tansiyo, kada ya ajiye maganinsa.

Wani ɗan kabu-kabu daga Tasawa: Ƙwannafi ya dame ni fiye da shekara. Abokai sun koya mini in jiƙa kanwa ko bikarbonat, in matsa lemu, in sha yana kumfa. Ina yin gyatsa in ji sauƙi, anjima ya dawo. Ko lemun ne ya jawo mini gyambon ciki?

Malam, lemu ba ya haddasa gyambon ciki. Manyan masu haddasa shi biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori da ke zama a bangon ciki, wadda likitoci biyu ƴan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano aikinta har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da aspirin. Na san masu sana'arku, baya da kugu na ciwo bayan yini a kan babur, sai a tsaya wurin mai tallan magani a haɗa kala uku a haɗiye da shayi kafin a ci komai. Idan kana cikin masu yin haka, can za mu fara nema.

Haɗin da kake sha kuwa bai yi mini ba ko kaɗan. Kumfar da kake gani iska ce, ita ke cika maka ciki ta sa ka gyatsa, kai kuma ka ɗauka ciwon ne ya fita. Ƙaramin cokali ɗaya na bikarbonat yana ɗauke da sodiyom, sinadarin gishiri mai tura jini sama, wajen miligiram 1,200, alhali abin da aka yarje wa babba a yini bai kai 2,000 ba. Kanwa ita ma sodiyom ce, ga ƙasa da sauran tarkace a cikinta, kuma babu mai iya auna ƙarfinta. Wanda ya mai da wannan abin shan kullum yana wahalar da ƙodarsa da zuciyarsa, yana tura jininsa sama. Shan sa a kan cikakken ciki ma haɗari ne na daban, saboda iskar da ke taruwa lokaci guda.

Ƙwannafin da ya haura shekara na bukatar a duba shi. Idan ƙwayar cutar ce, akwai magani na kwana 10 zuwa 14 da ke kashe ta. Kafin nan ka bar lemu da yaji tunda suna tayar maka da shi, ka rage shayi mai kauri da taba, kada ka kwanta sai abinci ya yi awa biyu zuwa uku a ciki. Idan ka ga bayan gida baƙi ƙirin, ko amai da jini, ko abinci na maƙale maka, ko kana ramewa ba dalili, wannan ba na jiran ranar da babu aiki ba ne, ka tafi asibiti a ranar.

Wata malamar makaranta daga unguwar Ali Ɗan Sofo: Ina shan ruwan ɗumi da lemu uku da zuma kowace safiya don tumbi ya ragu. Tumbin yana nan, haƙorana kuma sun fara tsami idan na sha ruwan sanyi.

Malama, lemu ba ya narka kitse, da ɗumi ko da sanyi. Zumar da kike ƙarawa ma suga ce, jiki ba ya bambanta su sosai, kuma masu ciwon suga su riƙe wannan. Abin da lemun ya narka shi ne farin sulken haƙoranki. A ma'aunin tsami na pH, sulken haƙori yana fara zaizayewa idan aka sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemun tsami kuwa yana wajen 2. Abin da ya zaizaye ba ya tsirowa. Ki rage zuwa rabin lemu a babban kofi, ki sha lokaci guda tare da abinci maimakon kurɓa-kurɓa, ki kurkure baki da ruwa, ki jira kamar rabin awa kafin buroshi ko asuwaki, domin a lokacin sulken yana da laushi. Ki nemi man goge baki mai fulorayid, ki kuma nuna haƙoran ga likitan haƙori. Idan don tumbi ne, kwalbar lemon kanti da sukarin shayi za ki fara sallama, ki ƙara da tafiyar ƙafa.

Wata mai juna biyu daga Gidan Runji: Cikina wata biyar. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, an ba ni ƙwayoyi. Ina kwaɗayin lemun tsami, amma ana ce mini yana shanye jini, yana ɓarar da ciki.

Ƴar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Lemun da za ki matsa a abinci ko a ruwa ba ya ɓarar da ciki, ba ya shanye jini. Hasali ma taimakon ki zai yi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale, gero da ganyaye yana da wuyar shiga jiki, bitamin C kuma yana buɗe masa hanya idan an ci su tare. Saboda haka ki matsa lemu a kan wake da shinkafa ko dambun zogale bayan an sauke daga wuta, don zafi yana lalata bitamin ɗin. Wanda ke hana ƙarfen shiga shi ne shayi, ki nisanta shi da abinci da ƙwayoyinki da awa ɗaya ko biyu. Kada kuma ki ɗauka lemu ne sarkin bitamin C: giram 100 nasa yana da kusan miligiram 30, gwaiba mai wannan nauyin tana da sama da 200, garin ƙwallon kuka ma ya fi lemu nesa. Ƙwayoyin dai ki ci gaba da sha ko sun baƙanta bayan gida, haka suke yi. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, ki kwana a gidan sauro, don shi ne babban mai cinye jinin masu ciki a yankinmu.

Wani magidanci daga Madarunfa: An ce idan aka matsa lemu a ruwan rijiya yana kashe kwalara. Gaskiya ne?

Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya, kuma ku mutanen Madarunfa kuna da hujjar tambaya, tunda daga gundumarku annobar 2018 ta faro. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. Binciken da aka yi a Gini Bisau lokacin annobar 1996 ya nuna gidajen da ke sa lemun tsami a miyar da suke ci da shinkafa sun fi tsira, kuma a ɗakin gwaji an ga ƙwayar na yaɗuwa a shinkafa da miyar gujiya, lemu kuma yana daƙile ta. Don haka matsa lemu a abinci ɗabi'a ce mai kyau, musamman da damina.

Amma randa guda ba za ta tsarkaka da lemu biyu ba, kuma ba kwalara kaɗai ke cikin ruwa ba. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar atuni ba su damu da lemu ba, haka ma a kan salak da kabeji. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar. Ɗanyen kifin tafki ko kaza da aka jiƙa a lemu, launinsu ya canza, ba su dahu ba, sai sun ga wuta. Idan gudawa kamar ruwan shinkafa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da suga tun a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙananan cokula 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana kan hanyar asibiti.

Wata kaka daga Tibiri: Jikana ɗan wata takwas yana tari. Zan iya ba shi lemu da zuma?

A'a, Inna. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagare shi. Bayan shekara ɗaya, ƙaramin cokali na zuma da ɗan lemu a ruwan ɗumi yana sassauta tarin dare. Shi wannan a ci gaba da ba shi nono akai-akai. Idan numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita yau.