Kyanwoyina biyu sun ɓace bayan gobara, ta ina zan fara nemansu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ina rubuto maka daga Unguwar Sanusi nan Kaduna. Daren Talata gobara ta tashi a gidanmu bayan an kawo wuta, ɗaki biyu da kicin suka ƙone, alhamdulillah ba wanda ya ji ciwo. Amma kyanwoyina biyu, uwa da ɗanta muzuru, tun daren ba wanda ya ƙara ganinsu yau kwana huɗu, kuma ba mu ga gawa ba. Yanzu muna zaune gidan yayata a Badarawa. Na zagaya ina kira har muryata ta dishe, mutane na cewa ana ta asarar dukiya ni ina ta mage. Dan Allah akwai sauran fata?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya tsare gaba. Akwai fata sosai, kwana huɗu ba komai ba ne a wajen mage. Masu yi miki surutu kuma ki rabu da su, hadisi ya zo a Bukhari da Muslim kan matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu, toh wanda ya tashi neman tasa dan kada ta mutu da yunwa ai ba abin dariya ya yi ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kyanwoyinki suna kusa da gidan da ya ƙone, ba su yi nisa ba. Mage ba kare ba ce, in ta firgita ba ta miƙa hanya da gudu, ramin farko da ta samu take shigewa ta lafe ta yi tsit, kuma ko ta ji muryarki ba za ta amsa ba, dan a halittarta yin shiru shi ne kariyarta daga abin da zai cinye ta. Shi ya sa kika yi ta kira ba amsa. Akwai binciken da aka wallafa a 2018 kan kyanwoyi sama da 1,200 da suka ɓace, cikin waɗanda aka samu kashi 75 cikin 100 ba su wuce mita 500 daga inda suka fita ba, waɗanda ba su saba fita waje ba ma yawanci gida biyu uku ne tsakani. Kinga kenan neman ba a Badarawa yake ba kuma ba a bakin titi ba, yana layinku ne da layin bayanku. Muzurun yana iya ɗan zarce uwar tunda su dama yawo ne da su, amma shi ma ki fara daga kusa.

Sai dai kafin komai, kada ki shiga ɗakunan da suka ƙone sai an cire wutar gidan daga kan fol, kuma wani mai sanin gini ya duba rufin. Katakon da ya ci wuta ya sha ruwan 'yan kwana-kwana yana iya rubzowa ba sanarwa. In an tabbatar ba haɗari a fara da cikin gidan, a leƙa silin na ɗakunan da wuta ba ta kai ba, bayan wadirob, ƙarƙashin gado, cikin kujerar kushin ta ƙasa inda yadin ya yage, nan wajen suna son shi sosai. Daga nan ki bi maƙwabta gida gida, kuma kada ki tsaya a "in kun gani ku faɗa min", za su ce toh su manta, ki roƙa a bar ki ki duba da idonki. Sito, akurkin kaji, bayan tankin ruwa, tarin bulo ko itace, kwalbati, lambatu, kangon da ba a gama ba, rijiyar da ba murfi. Ki tambaya musamman ko akwai ɗaki ko shagon da aka buɗe daren gobarar aka zuba kayan da aka tsamo sannan aka kulle, na taɓa ganin mage da ta yi kwana 9 a irin wannan sito a Tudun Wada, masu ita na can suna nema har kasuwa. Da yake sanyi ake, masu mota a layin su riƙa buga bonet kafin su tayar da safe, mage na hawa kan inji dan ɗumi.

Lokacin nema ya fi komai. Da rana hayaniya ta yi yawa, ga masu zuwa jaje ga yara ga masu kwashe baraguzai, ba za ta motsa ba. Ki zo bayan isha'i in unguwa ta yi shiru, ko kafin kiran asuba, da tocila mai ƙarfi, ki durƙusa ki haska ƙasa ƙasa, idon mage na mayar da haske kamar gilashi, sau da yawa shi za ki fara gani kafin jikinta. Ki taho da mutum ɗaya kawai kuma ki sanar da 'yan sintirin unguwa kada a ɗauke ku ɓarayi. Ki zauna waje ɗaya, ki yi mata mus mus ɗin da kika saba a hankali, ko ki ɗan buga kwanon da kike zuba musu abinci, sai ki yi shiru ki saurara minti biyar goma, kukan mage mai tsoro siriri ne ƙwarai.

Kullum da magariba ki ajiye ruwa da abinci mai ƙamshi a waje ɗaya cikin gidan inda ba haɗari, kifin gwangwani ko soyayyen kifi, ki sa zaninki da kika ɗaura ba a wanke ba kusa da wajen. Ki barbaɗa garin fulawa kewaye da kwanon, da safe sawun zai gaya miki mage ce ta ci ko ɓera ko kare. Yunwa da ƙishirwa ne ke fito da su, wata sai ta yi sati ko kwana 10 kafin tsoron ya sake ta, dan haka kada ki yanke ƙauna a sati ɗaya. Ki tura hotonsu a WhatsApp na unguwa, ki nuna wa mai shayi da mai gadi da almajiran layin, su ne idon dare. Amma tukwicin ki ce na wanda ya gani ya nuna wajen ne, ba na wanda ya kamo ba, in ba haka ba yara za su bi ta da gudu da jifa su kore ta inda ba za ki same ta ba. Ki kuma roƙi maƙwabta su ɗage maganin ɓera da gam ɗin ɓera na 'yan kwanakin nan.

In kin gan ta kada ki kai hannu da sauri, mage mai ciwo tana cizon mai ita. Ki bari ta fara ci, ki lulluɓe ta da tawul mai kauri ki sa a kwando mai murfi ko kwali mai huji. In ta cije ki ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ki je asibiti ranar, ba wasa.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Ko kin gan ta garau, ki kai ta wajen likitan dabbobi a ranar. Hayaƙin katifa da roba da ledar ɗaki guba ne, akwai iskar kabon monoksaid a ciki, kuma zafinsa na ƙona maƙoshi da huhu ta ciki inda ido ba ya gani, kumburin kan ƙaru cikin kwana 1 zuwa 3, bayan nan kuma ciwon huhu na iya biyowa. Ki ƙirga numfashinta tana kwance, lafiyayyar mage na yin 20 zuwa 30 a minti, in ya haura 40, ko tana numfashi baki buɗe, ko tari, ko tangaɗi, ko ido na ruwa ta kasa buɗewa, wannan na gaggawa ne. In abin ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya. Ki duba tafin ƙafafunta da kunne da gashin baki, nan wuta ta fi taɓawa, ƙunar ƙarƙashin gashi kuma sai bayan kwanaki take bayyana. Ki goge mata toka da baƙin hayaƙi da tsumma mai ruwan ɗumi dan kada ta lashe.

Dan girman Allah kada ki ba ta Panadol ko wani farasitamol, ko ɓari ne, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, yana lalata mata jini ya kashe ta, haka ibuprofen. Kada ki wanke ciwon da Dettol ko Izal, guba ne gare ta. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, duk a bar su, ruwa mai tsabta da ɗan gishiri kaɗan ya isa kafin ku kai asibiti. Abinci kuma kaɗan kaɗan sau da yawa, ruwa a gabanta kullum, ban da madara dan tana sa su zawo, in ta ƙi ci kwana biyu a koma wajen likita dan rashin ci na taɓa hantar mage.

In kin kai su Badarawa ki kulle su ɗaki ɗaya da kwanon yashi da abincinsu sati 2 zuwa 3 kafin su fara leƙa tsakar gida, in kika sake su da wuri za su kama hanyar komawa Unguwar Sanusi. In kuma ɗaya kika fara samu, ki ci gaba da ajiye abincin a wajen nan dai, ɗayan ba ya nesa.