Gasar sanwic a gidan adashi: yaya za mu yi ba tare da an ɓata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mu mata goma sha biyu ne muke adashi a unguwar Birni, nan Damagaram. Watan jiya muka ce kowace ta zo da sanwic na hannunta a ga gwana. Wadda ta fi mu hali ta sayo kayan gwangwani da cukun kanti ta lashe, ga shi kuma alƙaliyar ƙanwar mijinta ce. Har yau wasu ciki-ciki suke gaisawa. Muna son mu sake. Yaya za mu tsara, kuma me ke sa wani sanwic ya fi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da kuka yi wancan karon gasar aljihu ce, kuma ita kam tun kafin a hura wuta an san mai ci. Ku yanke kuɗi ɗaya, misali jika biyu kowace, ku tura mutum biyu Kasuwar Dole su sayo kayan kowa tare: albasa, tumatir, latas, ƙwai, mai. Burodin ma a gidan burodi ɗaya, na safiyar ranar. Sai a bar wa kowace abu guda na sirri da za ta taho da shi daga ɗakinta, ko yaji ne na gado ko wani haɗi. A nan ne hannu zai nuna kansa.

Alƙalai uku, ba dangin kowa ba, kuma kada su ga mai haɗawa. A manna lamba a gindin faranti, yarinya ta kai musu wani ɗaki. Da ni ce, da na roƙi mai shayin bakin layinku ya zama ɗaya daga ciki, don mutumin da ke tsaga burodi yana zuba ƙwai tun asuba ya fi mu duka sanin inda sanwic ke lalacewa. A yanka musu kamar faɗin yatsa uku, su kurɓi ruwa tsakanin wannan da wancan. Maki goma na ɗanɗano, biyar na sabuwar dabara, biyar kuma na riƙuwa, wato a ci shi da hannu ɗaya bai zube a zane ba.

Wannan riƙuwar ita ce mutane suka fi rainawa, alhali dominta aka san abincin. Sunansa ma daga wani basaraken Ingila ne na ƙarni na 18, John Montagu, mai sarautar garin Sandwich, wanda ake cewa yakan sa a saka masa nama tsakanin burodi don kada ya tashi daga teburinsa. Mu kuwa dogon burodin nan mai ɓawo gadon Faransawa ne, waɗanda suka riƙe Zinder, wato Damagaram ɗin nan, a matsayin babban birnin Nijar har 1926. Mutanen Biyetnam ma sun gaji irinsa, suka cusa masa namansu da ganyensu da kayan tsami, yau ga shi duniya ta san shi da banh mi. Don haka ban ga dalilin da zai sa ku bi gwangwani ba, ga kilishi a ƙofar gida.

Sai dai kilishi yana da hali. In kika shimfiɗa shi yadda yake, cizon farko zai zaro shi gaba ɗaya, a bar alƙali da burodi fayau a hannu. Yayyaga shi ƙanana, ki yayyafa masa ruwan ɗumi kaɗan, ki juya shi a kasko da albasar Galmi har ya saki jiki. Yana da maiƙon gyaɗa da yaji, saboda haka tsami yake nema: yanka wata albasar siriri ki jiƙa ta a ruwan lemun tsami da ɗan gishiri na minti 15, ki tsane. Cukunmu na gargajiya kuma a gasa shi sama-sama a garwashi, a marmasa a barbaɗa. Kwaɗon zogale ma yana shiga burodi lafiya lau in an matse ganyen sosai, amma a ajiye ɗan ƙuli-ƙuli mai gari-gari sai ƙarshe, don haƙori ya ji ƙaras.

Babban abokin gaban burodi ruwa ne. Tsaga shi, ki ɗan ƙwaƙule tsakiyar, ki kifa shi a kasko mai zafi ya ɗan yi ja. Fara shafa abu mai maiƙo, bota ko mayonez, shi ne katangar da ke hana ruwa ratsawa. Tumatir a cire 'ya'yan, a barbaɗa gishiri, a bar shi ya tsiyaye a faranti. Latas a shanya shi a tsumma mai tsabta bayan wanki. Na taɓa alƙalanci inda miyar wata ta fi ta kowa daɗi, amma ta haɗa tun a gida, kafin a zo kanta burodin ya koma kamar wanda aka tsoma a shayi.

Wannan ya kawo mu ga zafi, kuma a nan ba wasa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce abin da ke da ƙwai, nama ko mayonez kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 kacal. Kin san Afrilu da Mayu a Damagaram, 40 ma wucewa yake. Kowace ta zo da kayanta daban-daban a cikin kula mai ƙanƙara, a haɗa a wurin cikin minti 30. In da hali ku sa gasar a Disamba ko Janairu, lokacin sanyi, sa'ad da kayan lambun Mirriya suka cika kasuwa.

Kyautar kuma kada ta yi nauyi. Ludayi ko ƙaramin tire ya isa, sannan wadda ta ci ita ce za ta zaɓi abin da kowa zai yi aiki da shi wata mai zuwa. Ita ma ƙanwar mijin nan kada ku ware ta, ku ba ta riƙon agogo.