Tafarnuwa da kabeji suna maganin sankarar ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, an gano wa mahaifinmu sankarar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma. Mun ji cewa sinadaran tafarnuwa da kabeji suna kashe ƙwayoyinta. Ko mu dage da ba shi su, mu ɗan jinkirta gashin (wato ƙona sankarar da hasken na'ura) da aka rubuta masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku jinkirta gashin.

Maganar da kuka ji tana da tushe. A 2007 masu bincike a wata jami'ar likitanci a jihar Karolina ta Kudu, Amurka, sun zuba sinadaran sulfa na tafarnuwa a kan ƙwayoyin wannan sankara da aka raina a ɗakin gwaji, ƙwayoyin suka mutu. Haka ma wani sinadari mai suna salforafen, wanda ke samuwa idan an yanka ko an tauna kabeji da burokoli. Zogale ma yana da ɗan'uwan wannan sinadari.

Sai dai faifan gwaji daban, kan mutum daban. A faifai ana zuba sinadarin tsantsa a kan ƙwayar kai tsaye. A jiki kuwa sai ya ratsa hanji, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da mafi yawansa cikin sa'o'i. Ɗan abin da ya saura kuma ya tarar da shingen da ke tace jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa, wanda ko magungunan asibiti da yawa ba sa iya tsallake shi. Shi ya sa har yau babu gwajin da aka yi a kan marasa lafiya da ya nuna cin waɗannan yana rage girman ƙarin da ke ƙwaƙwalwar.

Abin da aka tabbatar tun 2005 shi ne tiyata, sai gashi sau 30 cikin mako 6 tare da ƙwayar magani mai suna temozolomayid, sannan a ci gaba da ƙwayar na wata 6. Wannan ƙari yana saurin girma, kowane mako yana da daraja.

Ku ba shi ganye a matsayin abinci. A yanka kabejin, a bar shi kamar minti 30, a turara shi sama-sama, domin doguwar tafasa tana lalata abin da ke samar da salforafen. Tafarnuwar miya ba laifi. Wadda ake sayarwa a kwalba kamar ƙwayar magani ce abin tsoro, tana iya hana jini daskarewa da wuri, ga shi temozolomayid ma yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Duk wani jiƙo ko gari da yake sha, ku kai wa likitansa ya gani kafin a fara gashin.