Amsar tambayar Yaya kan rigimar masu waƙar kantiri

Yaya barka da warhaka, ya gida ya su Hajiya. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Wallahi dariya na dinga yi da na ji kana tambaya wai da gaske ne akwai mutumin da sana'arsa kawai ya zauna ya saurari waƙa ya ba ta maki kamar malamin firamare a biya shi albashi, sannan wasu ƙatti su bar aikin gabansu su kwana uku suna zaginsa. Akwai shi Yaya, kuma nan Nashbil ta Amurka da Allah ya ajiye ni shekara 14 nan ne tsakiyar kasuwar abin. Kai da ka tsufa da kaset ɗin Don Williams a cikin fijo ai ka san kiɗan kantiri, to gidansu ne nan, shirin rediyon nan Grand Ole Opry tun 1925 ake yinsa a garin nan har gobe.

Yadda abin yake, mawaƙi zai saki albam, sai manyan mujallu irin su Rolling Stone da Pitchfork su sa wani ya rubuta sharhi, wasu taurari suke bayarwa, su Pitchfork maki ne cikin 10 har da ɗigo, kaga mutum ya sha wahalar shekara biyu a ce masa ya ci shida da ɗigo kaza. Mu can gida ai ba mu san wannan ba, in waƙa ta yi daɗi za ka ji ta a kowace Keke Napep, a biki a yi wa mawaƙi liƙi, in ba ta yi ba ta mutu shiru babu wanda zai yi mata jana'iza a jarida.

To inda gizo ke saƙar shi ne yawancin masu sharhin nan a manyan birane suke, su Niyok da Los Anjalis, ƴan boko ne na gidi, su kuma ainihin masu jin kantiri mutanen ƙananan garuruwa ne, direbobin tirela, manoma, masu aikin gini, ƴan coci. Saboda haka in mai sharhi yace waƙoƙin wane duk abu ɗaya ne, giya da motar akori-kura da budurwar da ta gudu, shi mai sauraro ji yake da shi ake, ɗan birni ya sake kallonsa ya kira shi baƙauye. Ka tuna yadda ranka ke ɓaci in ɗan Legas ya kwaikwayi Turancin Bahaushe, to irin wannan zafin ne sak.

Misalin da ya faru a idona shi ne na mawaƙi Morgan Wallen, ɗan wani ɗan ƙaramin gari ne Sneedville a gabashin jihar nan ta Tenesi. A Janairun 2021 ya fitar da albam mai waƙa 30, wata bai cika ba aka fito da bidiyonsa cikin dare yana faɗin kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata. Gidajen rediyo suka sauke waƙoƙinsa, kamfaninsa ya dakatar da shi, ƴan jarida suka yi masa ca. Ka san me ya biyo baya? Cinikin ƙaruwa ya yi, albam ɗin ya yi sati 10 a jere yana na ɗaya a jadawalin Billboard na waɗanda suka fi kasuwa. A 2023 ya sake sako wani mai waƙa 36, masu sharhi da yawa suka ce ya yi tsawo ya cika maimaici, shi kuma ya yi sati 19 a sama. Wani Bature da muke aiki tare, mutumin kirki wallahi ko azumi nake ba ya cin abinci a gabana, ce min ya yi shi duk albam ɗin da ƴan Niyok suka kushe to ranar zai saya. Nace masa to ka saurari duka 36 ɗin? Yace bai kai rabi ba. Ni dai a nawa kunnen masu sharhin ba su yi ƙarya ba, waƙa 36 ko Shata ne sai ka tashi ka sha ruwa, amma ban faɗa masa ba don ina son zaman lafiya.

Faɗan da ka gani a Facebook kuwa na Beyoncé ne, shi kuma a juye ya zo, yabon ne ya jawo faɗan. A Maris 2024 ta fitar da albam ɗinta Cowboy Carter, masu sharhi suka yi ta zuba mata maki kamar ba gobe, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin albam na kantiri. Sai masoya kantiri na gargajiya suka ce ina, wannan ba kantiri ba ne, hular kaboyi kawai ta ara ta shigo kasuwar da ba tata ba, masu yabon ma ba su san kiɗan ba tsoron a kira su masu wariya ne ya sa suke tafi. Nata masoyan kuma, su ba a taɓa su dama, suka ce matar nan haifaffiyar Hiyuston ce a Teksas, wa ya fi ta gadon abin, kuma wa yace kantiri na Turawa ne su kaɗai. A nan suna da gaskiya Yaya, banjo ɗin nan da kake ji yana ƙara a waƙoƙin asalinsa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi da ƙwarya da fata, in ka ga hoton na da sai ka rantse gurmi ne. Ta kuma sa Linda Martell a albam ɗin, tsohuwar da ta hau dandalin Opry tun 1969, baƙar mace ta farko da ta yi haka, aka manta da ita shekara da shekaru. Su Dolly Parton da Willie Nelson ma duk da muryarsu a ciki.

Sai aka zo kyaututtuka abin ya ƙara dagulewa. Ƙungiyar masu kiɗan kantiri CMA ta nan Nashbil ko sunanta ba ta sa a takara ba a 2024, babbar kyautar shekarar ma Wallen aka ba. Su kuma Grammy a Fabrairun 2025 suka ba ta albam na shekara gaba ɗaya da kuma albam na kantiri. Kowane ɓangare yace ka gani ko, dama na faɗa. Bayan nan Grammy suka raba kyautar gida biyu, na gargajiya daban na zamani daban, nan ma aka samu na cewa.

Ka ce mu Hausawan nan wane ɓangare muke. Mu fa ba mu da yawa, in an yi suna ko walima falo ɗaya ke ɗauke mu, sai dai mu haɗu da Kurdawa da Somaliyawa wajen sayen naman halal a titin Nolensville, Kurdawan kam sun fi yawa a nan fiye da ko'ina a Amurka. Mu manya galibi ƴan kallo ne, wanda ke tuƙin Uber ya haddace waƙoƙin dole saboda ƴan yawon buɗe ido da yake kwasa daga titin Broadway cikin dare amma ba ruwansa da wa ya ci maki nawa, in ya sauke su wa'azi yake mayarwa ko Ɗanƙwairo. Yaran da aka haifa a nan su ne abin ya shafa, don su a makaranta baƙaƙen Amurka ne kawai, ba wanda ke tambayar ko babanka daga Funtuwa yake. Ƴarka ta fari ranar Grammy ɗin nan tsalle ta dinga yi a falo, ƙaninta kuma da yake ƙwallo da yaran Turawan unguwa Wallen yake ji a ɓoye, ta kama shi ta ce ya ci amanar baƙar fata, sai da na shiga tsakani. Uwarsu ta ce duk su biyun su tashi su yi isha'i, daga mai hular har mai akori-kurar ba wanda zai cece su.

Abin da ya fi ba ni mamaki, in na gaya wa Turawan nan cewa yayana a Najeriya ya san Don Williams da Jim Reeves tun kafin a haife su sai su saki baki, wani har cewa ya yi in kira ka a bidiyo ya gani da idonsa. In kaset ɗin nan mai hotonsa da hula yana nan cikin akwatin Baba don Allah ka ɗauko ka turo min hoto kafin Juma'a. A gaida Hajiya, kace mata maganin ƙafar yana hanya.