Amsa ga Malama kan koyar da shugabanci da labari da fim

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya ko ya dace ki shigo da fim da littattafan hikaya cikin darasin shugabanci, ko kuwa ɗalibai za su mai da ajin gidan kallo. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi a nan Bauchi, 'yan difloma a ranakun aiki, ma'aikata kuma Asabar da Lahadi. Shawarata ki yi, amma kada ki bari labari ya kai ƙarshe kafin ɗalibai su buɗe baki.

Sai da na sha wuya kafin na gane haka. Farkon farawata na ɗauko wani fim ɗin yaƙi na Amurka mai awa biyu, na yi hayar janareta, muka toshe tagogi da zannuwa. Aka kalla tsit. Da na tambayi abin da suka fahimta, kowa ya ce kwamandan jarumi ne, mataimakinsa munafuki. Iyakarta ke nan. Fim ya riga ya yanke musu hukunci, ba abin da ya rage su yi tunani a kai. Abin ya tsaya mini a rai sosai.

Abin da ya fi yi mini aiki har yau shi ne littafin farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937. Yawancinsu sun karanta shi a sakandare, don haka ba a ɓata lokaci wajen gabatarwa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri na ƙulla makirci, burinsa yaron ya fita daga fada. Aku kuwa ba shi da dogari ko ɗaya, ba rawani, ba dukiya, amma shi ke tsayar da Musa da labari dare bayan dare. Nan nake rufe littafin in ce: tsakanin Waziri da aku, wa ke da iko a gidan nan, kuma daga ina ya samo shi?

Sai na bar su sun yi gardama ta ishe su, sannan in je allo in rubuta abin da wasu masana Turawa biyu, French da Raven, suka kawo a 1959, cewa iko na fitowa ta hanya biyar: muƙami, ikon ba da lada, ikon yin horo, sani, da kwarjinin da ke sa a so mutum a yi koyi da shi. Kafin in gama rubutu su da kansu sun raba wa Waziri nasa, sun raba wa aku nasa. Idan na fara da sunayen Turawan, haddacewa kawai suke yi su zube mini a jarrabawa.

Akwai wani dattijo a ajin ma'aikata, shugaban 'yan keke napep ne a wata tasha wajen Wunti. Ranar da muka yi wannan darasi bai ce uffan ba. Da aka tashi ya biyo ni har inda na ajiye babur, ya cire hula yana juya ta a hannu, ya ce, "Malam, ashe yaran nan littafin cin tara suke bi, ba ni ba." Ya ce in an karɓe littafin daga hannunsa gobe, bai san mutum nawa za su gaishe shi ba. Wallahi ban taɓa samun amsar jarrabawa da ta kai wannan ba.

Fim ma yana da amfani, amma ki yanko minti bakwai zuwa goma, wurin da shugaba ke tsaka mai wuya, ki tsayar kafin ya zaɓa. Na sha amfani da Kwana Casa'in na Arewa24, sai dai kowane gwamna ya bayyana, ɗalibai za su laƙaba masa sunan ɗan siyasar gaske, aji ya koma majalisar shayi. Tun farko nake kafa doka: ba a fita daga cikin labarin. Ki kuma kalli yankin ke kaɗai tukuna, domin a aji akwai matan aure da iyaye, kuma abin kunya ɗaya zai rufe bakin kowa.

Inda labari ke gazawa shi ne yana son gwarzo guda, alhali aikin shugaba yawancinsa zaman taro ne, rabon aiki da jiran sa hannu. Don haka a mako na ƙarshe nake sa kowa ya rubuta shafi biyu kan wani shugaba da ya taɓa zama ƙarƙashinsa, ba suna, ba sunan ofis, ya tsaya daidai inda mutumin zai yanke shawara. Sai su yi musayar takardu, kowa ya ƙarasa na ɗan'uwansa, ya faɗi wace hanya cikin biyar ɗin ya bi. Idan ajinki ya haura mutum sittin, ki haɗa su uku-uku, in ba haka ba dubawa za ta cinye miki hutu.